Ƙorar yaran Achika da guraben binciken da ake talla a Turai

Duk wanda yake cikin zaurukan WhatsApp na malaman jami'a ko na likitoci ya saba ganin irin wannan sanarwa: wata cibiya a Paris, ko New York, ko Exeter ta Ingila tana neman wanda ya gama digirin digirgir ya zo ya yi shekara biyu ko uku yana bincike kan ƙwayoyin gado da garkuwar jiki, da yadda suke hulɗa da cututtukan fangas. Akan turo ta, wani ya ce "Allah ya ba mai rabo sa'a", daga nan a koma hirar albashi da yajin aiki.

A ganina sanarwar nan ta fi shafar mutumin Achika da ke ƙaramar hukumar Wudil fiye da mutumin Paris ɗin da ya rubuta ta. Ina kuma ganin ya kamata matasanmu su nema, su tafi. Sai dai tafiyar tana da sharaɗi, kuma akwai aikin da ya rataya a wuyan gwamnati da jami'o'inmu, wanda in ba a yi shi ba za mu ci gaba da kiwo wasu na shan nonon.

Fangas ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe, sunan ne kawai na boko. Funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, ko a jikin masarar da aka zuba a rumbu ba ta gama bushewa ba, fangas ne. Yis ɗin da ake kumbura burodi da shi ma ɗan gidan ne. Ƙora a kan yaro, da makero, da kyasbi, da wani kaso mai yawa na ƙaiƙayin da mata ke kira ciwon sanyi, duk aikin dangin nan ne.

Saboda a fata muka saba ganinsa, sai muka ɗauke shi ƙaramin abu. A farkon 2024 Farfesa David Denning na Jami'ar Manchester ya fitar da ƙiyasin cewa kimanin mutum miliyan 6.5 ne ke kamuwa da nau'in da ke shiga can cikin jiki, huhu ko jini ko ƙwaƙwalwa, a kowace shekara, kimanin miliyan 3.8 su mutu, kuma miliyan 2.5 daga cikinsu fangas ɗin ne kai tsaye ya yi ajalinsu. Zazzaɓin cizon sauro da kowa ya san sunansa yana kashe kimanin mutum dubu 600 a shekara. Ƙiyasi ne, masana na iya jayayya kan adadin, amma ko an raba shi gida biyu abin ya wuce a yi shiru. A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin nau'o'in fangas 19 da ta ce sun zama barazana, karo na farko ke nan da ta yi hakan. A gida Najeriya kuwa, tun 2014 Dakta Rita Oladele ta Jami'ar Legas tare da Denning suka ƙiyasta cewa kashi 11.8 cikin ɗari na 'yan ƙasa na fama da wata cutar fangas mai nauyi a kowace shekara.

Achika na ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Wudil, tare da irin su Utai da Darki da Indabo da Lajawa. Yanki ne na manoma da masu kiwo da masu cin kasuwar Juma'a ta Wudil. Ba lungu ba ne: daga Wudil zuwa birnin Kano tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai ce, akwai babban asibiti a Wudil, akwai kuma jami'a sukutum, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote. In abu ya gagari mutumin Achika, kada ma a tambayi na ƙauyen da ke can bakin iyaka.

Mu ɗauki ƙora. Ka shiga kowace firamare ko tsangaya a karkarar Kano, ka sa yara su cire huluna, za ka ga kawuna da fararen tabo kamar an barbaɗa toka. Askar wanzami ɗaya, hular aro, tabarma ɗaya, haka take yawo. Ƙwayar cutar tana zama ne a cikin silin gashi, shi ya sa man shafawa kaɗai ba ya kashe ta. Maganinta na sha ne, irin su griseofulvin, na tsawon mako shida zuwa takwas. Amma abin da aka saba shi ne a je kemis a karɓo man nan mai haɗi uku, wanda a cikinsa akwai sitiroyid mai ƙarfi. Sitiroyid yana kwantar da garkuwar fata, ƙaiƙayi ya lafa, uwa ta ce magani ya karɓi yaro, ƙwayar cutar kuwa ta samu filin miƙe ƙafa. Mun riga mun ga ƙarshen wannan hanyar a Indiya, inda masana ke alaƙanta yawan shafa irin mayukan nan da yaɗuwar wani nau'in makero mai suna Trichophyton indotineae, wanda ba ya jin terbinafine, kuma tuni ya isa Turai da Amurka. Irin sinadaran ne kuma ke cikin mayukan bilicin da hukumar NAFDAC ta ayyana a matsayin matsalar gaggawa a 2023. Wanda ya san yawan zirga-zirgar 'yan kasuwa da marasa lafiya tsakanin Kano da Indiya ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Tarin da ba TB ba

Wanda ya fi damuna shi ne na huhu. Najeriya ce ke kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin TB, kusan mutum rabin miliyan a shekara a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma Kano na cikin jihohin da suka fi yawan masu shi. Tarin TB ko an warke yakan bar kogo a cikin huhu. Akwai wata funfuna mai suna Aspergillus da kowannenmu ke shaƙar ƙwayoyinta kullum a cikin iska, musamman wurin sussuka da casa, da cikin rumbu, da inda aka tara taki. Mai lafiyayyen huhu ba ya ma sanin ya shaƙa. Amma in ta samu kogon nan sai ta zauna, ta yi girma a hankali, wani lokaci ta dunƙule kamar ƙwallo.

Alamominta su ne tari mai daɗewa, tofar da jini, rama, gumin dare da kasala. Waɗannan su ne dai alamomin TB. Don haka ka ƙaddara wani manomi ya sha maganin TB na wata shida bai tsallake ko rana ɗaya ba, bayan shekara tari ya dawo da jini. An gwada majina ba a ga komai ba, hoton ƙirji ya nuna kogo. Ma'aikacin lafiyar da ke gabansa ba shi da wani gwaji a hannu, sai ya ce TB ne ya dawo, a sake sabon zagaye. Mutumin zai sake shan ƙwayoyi masu wahalar da hanta na wasu watanni a kan cutar da ba ta jikinsa, a gida kuma a fara raɗe-raɗin ko sammu ne, a sayar da akuya a tafi wurin mai magani. A 2017 Oladele da abokan aikinta sun duba marasa lafiya 208 a Legas da Ilorin waɗanda ake yi wa maganin TB, suka samu kashi 8.7 cikin ɗari suna ɗauke da wannan cuta ta Aspergillus. Gwajinta na jini ne, akwai ma na tsinke irin na zazzaɓin cizon sauro, maganin kuma itraconazole ne na aƙalla wata shida. Magani ne da ake samu a ƙasar nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gwajin, da kuma ma'aikacin da cutar za ta faɗo masa a rai.

Akwai kuma wani sanƙarau da ba irin namu na lokacin zafi ba, wanda fangas mai suna Cryptococcus ke haddasawa. Ana samunsa a ƙasa da kashin tantabara, kuma ya fi kama waɗanda cutar HIV ta karya wa garkuwa. A ƙiyasin 2020 ya kashe mutum 112,000 a duniya, kusan ɗaya cikin biyar na mace-macen da ke da alaƙa da ƙanjamau. Gwajinsa na minti goma ne. Sannan ga maisetoma, kumburin ƙafa mai ɓuɓɓugo da ruwa da wasu ƙananan tsaba, wanda ke shiga ta ciwon ƙaya ko sartse, ya yi shekaru yana cin nama har ƙashi, ƙarshenta a yanke ƙafar. Cutar manoma da makiyayan Sahel ce, daga Senegal da Mali da Nijar da Chadi har Sudan. Sai a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su. Babbar cibiyar bincikenta a duniya tana Khartoum, wadda Farfesa Ahmed Fahal ya jagoranta tun 1991, kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya durƙusar da aikinta.

Me ya kawo maganar gado?

Tambayar mai sauƙi ce. Yara goma sun yi aski da aska ɗaya, wasu sun kamu wasu ba su kamu ba. Mafi yawan masu ƙora tana barinsu da kanta da zarar sun balaga, saboda maiƙon fatar kai yana canzawa. Makiyaya dubu sun taka ƙaya, 'yan kaɗan ne ƙafarsu ta kumbura. Talauci da yunwa da ciwon suga da HIV suna bayyana wani ɓangare na bambancin. Sauran yana cikin abin da mutum ya gada daga iyayensa.

Jiki yana da tsarin tsaro kamar na fada. A jikin wasu ƙwayoyin garkuwa akwai wani mai gadi da ake kira Dectin-1, wanda aikinsa shi ne gane rigar fangas, wato wani nau'in sukari da ke jikin bangonsa. Gordon Brown da Siamon Gordon ne suka bayyana wannan aikin nasa a 2001. In mai gadi ya ga baƙo sai ya tura ɗan aike cikin gida, sunan ɗan aiken CARD9. Saƙo ya isa, a buga tambari, wato sinadarai irin su IL-17, dakarun fararen ƙwayoyin jini su fito. In aka haifi mutum ɗan aikensa gurgu ne, mai gadi zai ga baƙo amma labari ba zai isa ciki ba.

An ga wannan a zahiri. Tun ƙarshen shekarun 1950 likitoci a Aljeriya ke ba da labarin wasu mutane da makero ke fara musu tun suna yara, ya ƙi jin magani, ya huda fata ya shiga kaluluwa da ƙashi, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. An yi fiye da shekara hamsin ba a san dalili ba. A 2013 ƙungiyar masu bincike ta Paris da New York, ƙarƙashin Jean-Laurent Casanova da Anne Puel, ta duba mutum 17 daga gidaje takwas na Aljeriya da Tunisiya da Maroko, ta samu dukansu sun gaji lalataccen CARD9 daga uwa da uba. Galibin gidajen masu auren zumunci ne. Shekara huɗu kafin nan an ga irin wannan lahani a wani babban gida a Iran.

Amfanin sanin ba na takarda kawai ba ne. Mara lafiyar da aka gane matsalarsa ta gado ce ba za a riƙa ba shi maganin mako biyu ana sallamarsa ba, za a ɗora shi a kan magani na dogon lokaci, a kuma duba 'yan'uwansa tun cutar ba ta yi nisa ba. Masu wani lahanin na daban a ƙwayar gado mai suna STAT1, waɗanda farin fangas ke cin bakinsu da faratansu tun suna jarirai, yanzu ana gwada musu magungunan da ke gyara ainihin inda tsarin ya karkace. Daga mutane 'yan ƙalilan aka fahimci yadda garkuwar kowa ke aiki. Wannan fahimtar ake buƙata kafin a yi allurar riga-kafi, domin har yau babu riga-kafin wata cutar fangas ko ɗaya da aka amince a yi wa ɗan Adam. Magungunan ma 'yan gidaje kaɗan ne, saboda ginin ƙwayar fangas ya yi kama da na ƙwayar jikinmu, abin da zai kashe shi yakan taɓa mu. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Afrilun 2025, sababbin magungunan fangas huɗu kacal aka amince da su a Amurka da Turai da Chana cikin shekara goma.

To mu dubi kanmu. Muna da ƙora a kan yara miliyoyi. Muna da auren zumunci a gidaje da yawa, birni da ƙauye, kuma ba aibata shi nake yi ba, illa dai kimiyya ta nuna a irin gidajen nan ne lahanin da sai an gada ta ɓangare biyu ya fi fitowa fili. Muna da masu ciwon fatar da ya gagari kowa, waɗanda ke yawo daga asibiti zuwa gidan mai magani. Tambaya ce zaune tana jiran mai ɗauka. Kuma ba za a iya aro amsarta daga Turai ba, domin 'yan Afirka sun fi kowa bambancin ƙwayoyin gado a duniya, amma ba su kai kashi uku cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu ba. A 2020 shirin H3Africa ya karanta ƙwayoyin gadon mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, ya samu bambance-bambance fiye da miliyan uku da ba a taɓa rubutawa ba. Mutum 426!

Na san abin da wani zai ce: ƙasar da mata ke mutuwa wurin haihuwa, yara ke mutuwa da zazzaɓi da tamowa, ina ita ina binciken ƙwayar gado? A fara samar da gwajin tsinke da ƙwayar griseofulvin a asibitin Achika tukuna. Maganar tana da ƙarfi, kuma in da za a ce in zaɓi ɗaya, gwajin zan zaɓa. Sai dai in ka duba ƙasashen da gwajin ya samu shiga, za ka ga masu bincike ne suka shigar da shi. Ba wanda ke sayen gwajin cutar da bai san tana nan ba, kuma mai ƙirga ta shi ne mai bincike. Hanyar da duniya ke bi yanzu wajen maganin sanƙarau na Cryptococcus, wato allura ɗaya mai ƙarfi ta amphotericin tare da ƙwayoyin sha, ta fito ne daga gwajin da aka yi a Botswana da Malawi da Afirka ta Kudu da Uganda da Zimbabuwe, aka wallafa a 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓa a shekarar. Asibitocin da aka yi aikin a cikinsu sun tashi da ƙwararru da kayan aiki. Babu ƙasar Afirka ta Yamma ko ɗaya a jerin. Cibiyar binciken fangas ta AFGrica da aka buɗe a 2017 ita ma a Cape Town take.

Batun ko jama'a za su fahimci maganar gado kuwa, sikila ta riga ta koyar da mu. Yau a Kano dattijuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san AS da SS, kuma tun 2024 gwajin jini kafin aure ya zama doka a jihar.

Jinin wa, kuma ina za a kai shi?

Nan ne dole a yi taka-tsantsan, don Kano tana da tabo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200 a Asibitin Zana. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar ba maganin ba, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ake yi ba. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne, kafin a biya diyya sai da aka ce masu nema su yi gwajin DNA, lamarin da ya jawo wani sabon rikicin. Ga gidaje da dama wannan ne haɗuwarsu ta farko da kalmar. Ƙin allurar shan-inna na 2003 ma bai rasa nasaba da wannan tabon ba.

Don haka duk wanda zai zo Achika da sirinji yana neman jinin gida guda, uba da uwa da 'ya'ya, ya san a kan wace ƙasa yake tafiya. Takardar amincewa da aka rubuta da Turanci aka dangwala wa yatsa ba amincewa ba ce. A yi bayani da Hausa, a gaban mai unguwa da liman in ya kama, a faɗi inda za a ajiye jinin, da wanda zai taɓa shi, da shekarun da zai yi. A kuma yi tunanin abin da sakamakon zai jawo: a ƙauye, in aka ji gida kaza suna da "ciwon gado", 'yan matan gidan ne za su biya kuɗin a wurin neman aure. Dokokin kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya sun tanadi yarjejeniya a rubuce kafin a fitar da samfuri waje. Matashin da ya samu gurbi a Turai ya kiyayi zama ɗan aiken da ake ɗauka saboda yana da hanyar samo jini daga gida, a ƙarshe sunansa ya fito a tsakiyar jerin marubuta goma sha biyar.

Abin da babu a jami'o'inmu

A ƙasashen da bincike ya kafu, digirin digirgir lasisin fara koyon sana'a ne. Bayansa mutum yakan yi shekara biyu zuwa biyar a ɗakin gwaje-gwajen wani babba, ba aji, ba duba takardun jarrabawa, sai bincike da rubutu da koyon yadda ake neman kuɗin aiki. A nan yake zama mai cin gashin kansa. A wurinmu wannan matakin kusan babu shi a tsarin aiki. Ranar da mutum ya kare kundinsa, ranar za a ɗora masa kwasa-kwasai huɗu, ɗalibai ɗaruruwa, da muƙamin jami'in jarrabawa. Bayan shekara biyar hannunsa ya manta yadda ake riƙe kayan gwaji. Wanda ya dawo daga waje da ƙwarewa yakan tarar babu firjin da ke riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, in akwai kuma babu wutar da za ta riƙe shi dare da rana, sinadarin da ya yi oda ya yi wata uku a tashar jirgi. Sai ya sake duba zauren WhatsApp.

Shi ya sa ba na ɗora laifin rashin dawowa a kan matasan kaɗai. Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci kimanin 16,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara biyar zuwa bakwai. Asusun TETFund ya dakatar da tura malamai karatu waje daga Janairun 2025, saboda tsadar dala da kuma waɗanda ke tafiya su ƙi dawowa. Na fahimci dalilin, amma rufe ƙofar fita ba ya gina ɗakin gwaje-gwaje. Tunda an ce kuɗin zai zauna a gida, to a ware wani kaso a buɗe guraben bincike na bayan digirin digirgir a nan, masu albashi da kuɗin kayan aiki, tare da sharaɗi a rubuce cewa ba za a ba mai gurbin aji fiye da ɗaya ba.

Akwai tsarin da za a iya kwaikwayo. Shirin APTI, wanda Cibiyar Kimiyya ta Afirka da Cibiyoyin Lafiya na Amurka da gidauniyar Gates suka fara a 2019, yana kai mutum Amurka ya yi shekara biyu, sannan ya dawo jami'arsa da tallafin wasu shekara biyu don ya kafa nasa aikin. Tikitin dawowa na cikin yarjejeniyar tun farko. Irin wannan ya kamata matashinmu ya fi nema, tare da tallafin Wellcome da AREF da makamantansu. Yadda Amurka ta zabge tallafinta na lafiya a 2025 ya kuma nuna cewa dogaro da aljihun wani kaɗai ba tsari ba ne.

Ga wanda zai cike takardar neman gurbin, shawarata ita ce ya tafi da tambayarsa a hannu. Masu ɗauka sun gaji da wasiƙun "ina sha'awar kimiyya tun ina yaro". Wanda ya rubuta cewa ya bi masu tarin da ya ƙi jin maganin TB su hamsin a asibitinsu, ga abin da ya gani, ga abin da ya kasa aunawa saboda rashin kayan aiki, ya riga ya sha gaban ɗari. Ya koyi sarrafa bayanan gado a kwamfuta tun yana gida, don wannan ba ya buƙatar firji, sai laftof da data da haƙuri. Ya kuma tambayi mai ɗakin gwaje-gwajen tun kafin ya sa hannu: in na gama, wane ɓangare na aikin zan tafi da shi Kano?

Kayan haɗin suna nan a warwatse. Jami'ar Bayero na da cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na da likitocin fata da na huhu da ɗakunan gwaje-gwaje. A Kwanar Dawaki akwai cibiyar bincike da aka gina da kuɗin sasancin Pfizer, kuma babu aikin da ya fi dacewa da ginin da aka samu ta wannan hanyar kamar binciken da ake yi da yardar mutane, a kan cutar da ke damunsu. Jami'ar Wudil na yaye ɗaliban nazarin ƙananan halittu kowace shekara, da yawansu suna rubuta kundin kammala karatu a kan batutuwan da aka maimaita sau ɗari.

Gwamnatin Kano za ta iya farawa da abu ƙarami wanda ba zai kai kuɗin kilomita ɗaya na titi ba: gurbi biyu ko uku na shekara uku, a ƙaramar hukuma ɗaya. A ce Wudil. Duk wanda ya gama maganin TB a babban asibitin Wudil da ƙananan asibitocin Achika da Utai da Darki, tari bai bar shi ba, a yi masa gwajin Aspergillus kafin a sake ɗora shi a kan wani zagayen. Ɗaliban jami'ar su zaga firamare da tsangayu su kankaro ƙora, a shuka ta a ɗakin gwaje-gwaje a ga wane nau'i ne kuma wane magani yake ji, yaran da aka samu da ita a ba su maganin sha kyauta. Waɗanda cutarsu ta wuce misali, ta shiga nama ko ta addabi gida guda, su ne za a tura Asibitin Malam Aminu Kano a nemi yardarsu a duba gadonsu. A ajiye samfurin a Kano, abokan aiki na Paris ko Exeter su zo su same shi a nan, sakamakon kowane mutum kuma a mayar masa da shi har Achika, a yi masa bayani da Hausa.